Rigar da Almakashi Ta Ƙi Yi wa Faci

A kamfanin ɗinkin kakin soja na san ta, keke na jikin keke. Almakashi muke ce mata, ba don ta fi mu iya yanka yadi ba, don bakinta ne. In ta yanka maka magana ɗaya sai ka wuni kana lallaɓa wurin. Ni ce mai sa maɓalli, ita kuwa aikinta ɗinka ƙyallen suna a ƙirjin riga. Duk sojan da ya fito daga barikin garinmu da suna a ƙirjinsa, to ta ƙarƙashin allurarta ya bi.

Mace ce gajeriya, mai tabarau ɗaure da zare, kullum da fil a leɓe. Tun tana amarya take wannan aiki, da shi ta yi rainon 'ya'ya, ta aurar da mata, saura Auta kaɗai a gabanta, ƙato guda da ya gama makaranta yana zaman kashe wando.

Shekarar da gwamnati ta buɗe bakin jaka ta shiga sayen makamai, kai, mun ga abu! Tankoki suka bi ta titinmu suka farfashe kwalta, jirage suna wucewa har kwanon rufin kamfani na rawa. Aiki ya yi mana yawa, ko ruwa sai a tsaye muke sha. Mijinta, tsohon mai gadin banki, ba wanda ya kai shi murna. In na biya gidansu da yamma sai in tarar da shi da rediyo a kunne, suna ta fafatawa.

"Ke ba ki san duniya ba," in ji shi. "Ba a fafe gora ranar tafiya. Maƙwabci in ya hango irin kayan nan a hannunka, ko da wasa ba zai taka iyakarka ba. Ni da na yi gadi na sani, ɓarawo ba ya zuwa inda ya ga kulki."

"Malam, kulkinka nawa ne?" ta ce. "Shi maƙwabcin hannu zai naɗe yana kallonka? Ka sayi ɗaya ya sayi biyu. Kuma ka taɓa ganin wanda ya sayi sabon keken ɗinki ya rufe shi da zane ya zauna? Ai ko tsumma ne sai ya nemo ya gwada."

"Ke dai komai sai kin kai shi ɗinki."

"To me na iya? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Ni dai dariya nake yi in sha ruwana. Gaskiya a lokacin na fi karkata ga maigidan, don ina jin daɗin aikin da ya samu.

Ba a daɗe ba aka fara abin da rediyo ke kira ɗan rikici a kan iyaka. Ɗan rikici! Sai ga manaja ya sa an shigo mana da buhuna. Muka kwance, riguna ne wankakku, sun sha sabulu har suna ƙamshi. Ya ce yadi ya yanke, kuɗin ya tafi wajen jirage, saboda haka a farke tsohon suna, a yi faci inda ya huje, a ɗinka sabon suna. Ba wanda ya tambayi ina masu su. Wanda ya ga irin hujin nan ba ya bukatar bayani: ƙarami ne ta gaba, ta baya kuwa sai dunƙulen hannu ya shige.

Daga ranar Almakashi ta daina raha. Za ta ɗauki reza ta farke sunan da ita da kanta ta ɗinka watannin baya, ta karanta shi a hankali, ta jefa a gwangwanin da ke ƙarƙashin kekenta. Ni kuma in canza maɓalli, ina ta istigfari.

Ana cikin haka Auta ya je ya ba da sunansa wajen ɗaukar soja, da yardar ubansa. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce ba ta yafe ba. Ya ce, "Haba Inna, da irin kayan da muke da su wa zai tsaya a gabanmu? Zuwa kawai za mu yi su gudu." Abu ɗaya ya rage masa, ya karɓi kaki ya yi rantsuwa. In ya yi, shi ke nan, ya zama na gwamnati.

Ranar da abin ya faru ina gefenta. Ta jawo riga daga buhu, mai huji daidai ƙasan aljihun hagu, ta farke sunan, ta miƙa hannu cikin kwalin sababbin sunaye. Sai na ji kekenta ya yi shiru. Na waiga. Ƙyallen na tafin hannunta, sunan Auta ne.

"Yaya, kawo in ba wata ta ɗinka," na ce.

"A'a. Ni na haife shi, ni zan ɗinka."

Ta kuwa ɗinka shi tsaf, amma ba ta yi faci ba. Ta ninke rigar ta tura a hammata, ta zari mayafinta, rana tsaka. Manaja ya tare ta a ƙofa.

"Baba, ina zuwa da kayan gwamnati?"

"Zan kai wa mai ita ya gwada. Ba sunansa ne a jiki ba?"

"In kika fita da rigar nan kin fita ke nan."

"To, a gai da jirage," ta ce, ta wuce shi.

Wallahi ban san lokacin da na bar kekena na bi ta ba. Muka tarar da uba da ɗa a tsakar gida, Auta na goge takalmi. Ta warware rigar ta ɗaga ta a rana, haske na ratsowa ta hujin.

"Ga kakinka. Tashi ka sa."

Ya karanta sunansa ya yi murmushi, sannan idonsa ya sauka ƙasan aljihu.

"Sa mana! Sa yatsanka ka ji. Wanda ya riga ka sa ta ma haka aka ce masa, zuwa kawai za su yi. Tankoki na nan, jirage na nan, Malam, ga kulkinka nan ya hana ɓarawo."

Maigidan ya kashe rediyon ya ajiye. Auta ya zura yatsa a hujin, ya juya rigar ya ga na baya, ya zauna a kan bokiti. Ni kuwa kuka nake.

"Inna, wane ne shi?" ya ce.

"Ɗan wata ne. Ita ba ta ɗinki, shi ya sa ba ta gani ba."

Ranar rantsuwa Auta bai je ba. Abokansa suka sa masa matsoraci, ya shanye. Ita kuwa aiki ya tafi, ta fito da tsohon kekenta na hannu ta kama rumfa a bakin kasuwa, tana rage wando tana canza zif, Auta na yi mata guga. Maigidan har yau yana cewa ba don makaman ba da an ci mu da yaƙi, tana ce masa ba don su ba da ba a fara ba. Ni ban isa in raba wannan gardama ba.

Rigar tana nan rataye a ƙusa a rumfar. Ta farke sunan Auta, ta sa na ɗauko mata ƙyallen farko daga gwangwaninta na kamfani, ta mayar da shi mazauninsa. Kwanaki manaja ya aiko masinja wai a dawo da kayan gwamnati ko a kira mata hukuma. Ko kai ba ta ɗaga daga keke ba. Ta nuna masa sunan da bakin almakashi.

"Ka gaya masa ba tasa ba ce. Ga mai ita nan a rubuce. Ya zo da ƙafarsa ya karɓa, in ba shi."