Tsakuwa a Ruwan Salwar Mai Agogo

A kan rariyata muka yi faɗa da Mai Agogo. Ɗan yayana ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nawa. Zan tankaɗe gari na neme ta sama da ƙasa babu, sai da na leƙa ɗakinsa na baya na gan ta kife a kan kwali, wasu 'yan halittu kamar curin auduga suna tsuwa a ƙarƙashi.

"Kai, rariyar tawa ce ta zama rufin ɗakin ɓeraye?"

"Haba Gwaggo, 'ya'yan salwa ne fa."

"Salwa! Tsuntsuwar da in an fige ta sai an sa cigiyar naman?"

Ya ce in rage murya kar su firgita. Ni, da na goya shi, yau ake wa kashedi saboda tsuntsu.

Shekara talatin ya yi a kan ɗan tebur a bakin kasuwa, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tono cikin agogon mutane. Da kowa ya koma duba lokaci a waya, sai ya naɗe teburin ya dawo gida. Wata shida yana jan benci yana bin inuwa. Wandonsa ya yi masa yawa, tsokanar da yake mini kullum safiya ta ɗauke. Na fi son rashin kunyarsa da wannan shirun, amma ban gaya masa ba.

Sai wani tsohon abokin cinikinsa ya ba shi ƙwan salwa. Ita kuwa salwar gida uwa ce marar ta-ido, ta saka ƙwai ta yi gaba abinta, ba ruwanta da kwanci. Mai Agogo ya lallaɓi matarsa, wadda tela ce, ta fitar da kekenta baranda ta ba shi aron ɗakin ɗinki. Ya samo tsohon kabad ya jona ƙwan fitila a ciki, ya yi wa kowane ƙwai alama da fensir, yana juya su a kan minti kamar mai ba sarauniya magani. Kwana goma sha bakwai suka ƙyanƙyashe. Kafin kwana uku yawanci sun mutu. Ya sake, aka sake.

Matar ta ce, "Malam, rana tana cin yadin mutane a baranda. In na ukun ma haka ne, kekena zai koma ɗakinsa." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma gaskiyarta. Ni dai bencin nan nake tunawa.

To na ukun ne ke ƙarƙashin rariyata. Da na ɗaga ta, sai ga biyu kwance sharkaf a cikin farantin ruwa. Shi kuwa ya zaro ma'aunin zafi yana mini bayani, wai ko iska ce, ko fitilar ce ta yi ƙasa.

"Da wannan farantin kake ba su ruwa?"

"Tafasasshe ne, Gwaggo, har tacewa nake."

"Ka tafasa musu kogi ke nan. Abin da bai kai babban yatsana ba, ka ce ya yi iyo?"

Na fita tsakar gida na ɗebo tsakuwa cikin gefen zane, na ɗauraye, na zuba a farantin har ruwan ya koma leƙowa ta tsakanin duwatsu. Ɗaya ta tako, ta hau, ta tsoma baki, ta sauka a bushe. Mai Agogo ya tsaya baki buɗe, ma'aunin a hannu. Na tafi na bar masa rariyar, garin kuma na tankaɗe da tsohon gyale.

Ko ɗaya ba ta ƙara mutuwa ba. Yanzu keji hawa uku ne a ɗakin, matan, masu zanen ƙirji, na zuba ƙwai, mazan da suka yi yawa suna shiga tukunya. Barandar ma ya rufa wa matarsa kwano ya sa labule, har tana cewa ta fi ɗakin iska. Bencin, kwandon ƙwai ake ɗorawa a kai.

Jiya ya shigo da sabuwar rariya, da ƙwai masu ɗigo-ɗigo cike da kwano, da salwa biyu figaggu.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, ga nama. A ci a hankali kar a ƙware."

Na juya su a tafin hannu, na ce, "Allah ya yi albarka, ɗan nan. Amma gobe in za ka kawo, ka haɗo da gilashin nan naka na gyaran agogo, in ga abin da nake ci."