Yadda Kakana Ya Zama Marowaci

Shekaranjiya maƙwabciyata ta jiƙa ganyen darbejiya a bokiti za ta yi wa ɗanta wankan zazzaɓi, ta manta da ragowar a bayan ɗaki har ya ruɓe. Da warin ya tsallako katanga ya same ni, sai na ajiye tsintsiya na zauna. Kai mai karatu, in ba ka taɓa jin warin nan ba, ba ka yi asarar komai ba. Amma ni a cikinsa na girma, kuma duk sanda na shaƙe shi kakana nake gani, tsugune a bakin lambunsa da ke fadamar Rurum, hannunsa cikin wata tsohuwar randa.

Kakan nan nawa, wanda ya haifi babana, manomin rani ne. Da an kawar da amfanin damina sai ya gangara fadama ya fara renon iri, tumatir da tattasai da attaruhu da yalo. Abin da aka san shi da shi kyautar dashe ce. Da gangan yake yafa iri fiye da abin da lambunsa zai ɗauka, saboda masu zuwa nema. Ana zuwa daga Saji, wani ma tun daga ƙasar Kibiya a kan keke, kowa ya koma da nasa a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. In aka yi masa godiya sai ya kaɗa hannu ya ce, "Ƙasar Allah, ruwan Allah, ni mene ne nawa a ciki?"

Doka ɗaya gare shi. Duk dashen da zai shiga lambun ko zai fita, sai ya bi ta randa. A cikinta akwai abin da yake kira ruwan ɗaci: ganyen darbejiya da 'ya'yanta, da ganyen tumfafiya, da 'yar tafarnuwa, a kirɓa a jiƙa har ya yi kumfa ya fara wari. Ni ce mai kirɓin. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika, kullum kuma cikin barazanar saki muke. Ya ce dakana ko tuwon kaji ba zai yi ba, ni kuma in ce dama na gaji da miji mai warin randa.

Sai ya karkaɗe ƙasar da ke jikin dashe, ya wanke saiwar, ya ɗaga ta sama yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya ga ƙullutu a jikinta wuta za ta ci, mai lafiya kuwa ya tsoma ta a randa. Ya gaya mini akwai wata tsutsa da ido ba ya gani, tana zaune cikin ƙasa, tana shiga saiwa ta kumbura ta, har shuka ta mutu da ƙishirwa alhali ƙafarta na cikin ruwa.

"In ta shiga ƙasa, amarya, ta shiga ke nan," in ji shi. "Ba a korar ta, sai dai a hana ta shigowa."

A shekarar da aka kai gwaggona, autar kaka, ɗakin mijinta a Saji, lallen hannunta bai gama gogewa ba sai ga surukinta, wato uban mijin, ya sauko fadama da kansa. Dattijo ne mai kirki, ban taɓa jin wanda ya faɗi aibinsa ba. Ya zo da kwando cike da dashen wani sabon tumatir, kowanne da dunƙulen ƙasarsa. Masu lambunan kusa duk suka taso gaishe shi. A gabansu ya naɗe ƙafar wando ya ce, "Malam, ka daɗe kana ba mutane, yau kai ma a ba ka. Da hannuna zan dasa maka."

Na ga kaka ya saci kallon randa. Ko ni da nake yarinya na san abin da ke gabansa. Ka wanke kyautar suruki a kan idonsa, ka ɗaga saiwar kana dubawa jama'a na kallo, ai ka ce masa ƙasarsa na da cuta ke nan. Kaka ya sunkuyar da kai ya ce, "Madalla, Alhaji. Allah ya bar zumunci." Suka dasa tare, aka sako ruwa. Kaka bai samu damar tuge su daga baya ba, domin duk ranar kasuwar Rano sai dattijon ya ratso ya duba yadda 'ya'yansa ke tasowa, haka yake kiransu.

Da farko tumatirin ya yi kyau. Daga baya sai ya fara langaɓewa da tsakar rana, ya farfaɗo da yamma, ganyen yana komawa ruwan ɗorawa. Wata safiya na kawo wa kaka koko, na tarar ya tuge guda ɗaya yana riƙe da shi. Saiwar ta yi ƙullutu a jere kamar carbi. Ya yi ta jujjuya shi yana dubawa har kokon ya huce a hannuna. Sannan ya ce, ba da muryar wasa ba, "Abin da kika gani, ba ki gani ba."

Ya ƙone su duka, ya ce wa surukin rana ce ta kashe su. Amma ruwan ban-ruwa ya riga ya bi ta wannan kwami, wato ɗan fegin da aka dasa su, ya zaga sauran.

Da rani ya zagayo masu neman dashe suka zo kamar yadda suka saba. Ga iri nan kore shar a gabansu, kaka ya dube su ya ce, "Bana babu." Ya san ƙasar renon ta kamu, kuma bai yarda wanki da randa za su tsare ta duka ba. Za ka ce me ya hana shi faɗin gaskiya? Duk fadamar ta ga wanda ya dasa baƙon tumatir, ta kuma ga bai bi ta randa ba. Da ya buɗe baki da safe, kafin la'asar maganar ta isa Saji, gwaggo kuma ta zauna a gidan da ubanta ya ɓata wa suna. Sai ya zaɓi a ɓata nasa.

Shekarun da suka biyo baya kirɓi muka sha har tafin hannuna ya yi kanta. Ya binne ganyen darbejiya a kwami, ya kwarara ruwan ɗaci, ya tara kara ya cinna wuta a kan ƙasar, wani ɓangaren ya bar shi ya huta. Abin yakan yi sauƙi, mu fara murna, sai ya dawo. Lambun da ake kwatance da shi ya koma abin tausayi. Mutane kuwa suka sami bayanin da ya gamsar da su: tun da Malam ya fara rowa Allah ya ɗauke albarka. A bakin rijiya na ji shi, a makarantar allo ma yara sun faɗa mini a fuska. Na yi dambe a kai, na yi kuka, amma ban faɗa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da surukin ya zo yi masa nasiha, da zuciya ɗaya. Ya ce, "Malam, ka koma yadda kake. Hannun da ke bayarwa ba ya rasawa." Kaka yana tsugune gaban randa ya ce, "Na gode, Alhaji. Allah ya sa mu gyara."

Da wannan sunan ya rasu.

Yanzu ƙanena ke riƙe da lambun. Yakan sayo man darbejiya a 'yar kwalba daga shagon maganin gona a Rano, ya gauraya da ruwa ya zuba. Yana taimakawa na ɗan lokaci, kamar dai yadda randa ta yi. Ba a kyautar dashe kuma, a kasuwa ake saya, ba mai karkaɗe ƙasa balle ya duba saiwa. Cutar da kaka ya sayar da mutuncinsa don ya tsare ta a lambu ɗaya, yau da wuya ka tuge tumatir a fadamar ba ka ga carbin nan ba. Ta shigo ta wasu hanyoyin, ba ta jira shi ba. In na tuna wannan sai in rasa abin da shirunsa ya tsirar, ban da auren gwaggo. Ƙanen nawa ma ya fara zancen sayar wa masu buga bulo wurin.

Bara na je biki Unguwar Gai, na zauna kusa da gwaggo. Ta tsufa, ido ya yi rauni, jikoki sun cika mata gida a Saji, har yau kuma in ta ambaci surukinta sai ta yi masa addu'a. Wata tsohuwa ta tambayi 'yar wane gida ce ni. Da aka gaya mata sai ta ce, "Au, jikar mai lambun nan da rowa ta cinye?"

Maganar ta zo mini har bakin leɓe. Kafin in furta, gwaggo ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Allah ya gafarta masa. Da ba haka yake ba, tsufa ne ya juya shi."

Na dubi hannunta da ke kan gwiwata. Na ce amin.