Ganyen da Inna Dochia Take Zubarwa

A ƙauyenmu na kan tudun Maramureș, kowa yana sare rassan bishiyar frasin a ƙarshen bazara, ya ɗaure su dami-dami, ya shanya wa awaki kafin ƙanƙara ta rufe ciyawa. Kowa sati guda yake yi ya gama. Ban da maƙwabciyata, Inna Dochia. Ita sai ta kai wata.

Dalili kuwa, akwai wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro ba, wanda yake yin ƙwai a jikin ganyen. Sai jijiyar tsakiya ta kumbura, in ka fasa ka tarar da tsutsa ruwan goro a kwance. Tun Dochia tana amarya surukarta ta ce mata duk akuyar da ta ci wannan ganye sai ta yi ɓari. Shi ke nan, ta riƙe. Surukar ta mutu, miji ya bi ta, Dochia tana nan kan kututture tana juya ganye ɗaya bayan ɗaya, tana tsinke masu ƙurji. Mun yi tsiya har mun gaji.

“Ku dai ku yi ta dariya,” take cewa. “Akuyar wa ta taɓa ɓari a gidan nan?”

Bana idonta ya dushe, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. Ɗanta Gavrilă ya zo daga birni ya ce in har ba ta haɗa wa awaki abincin lokacin sanyi ba, zai sayar da awakin ta koma wurinsa. Ta ce sai dai a fitar da gawarta. Na riƙa leƙa ta, ina jin haushi, ina jin tausayi. Tuwon masararta yakan huce a tukunya ba ta taɓa ba.

Rannan ta manta ƙyauren garke a buɗe. Awakin suka wuce damin da ta gyara, suka far wa tulin da ta zubar, suka cinye tas. Ta yi kuka, ta yi ta shafa cikkunansu tana jira. Sati ya wuce, wani ya biyo. Ko tari babu wadda ta yi. Da ma mun san ba za a yi ba, namu ci suke yi tun kaka da kakanni.

Na je da murnata.

“To Inna, kin huta! Yau mu ɗaure sauran haka nan, Gavrilă ya sha kunya.”

Ba ta ɗago ba. Hannuwanta suna kan cinya, ban taɓa ganinsu a zaune haka ba.

“Ke Ilișca, ni fa na zaci idona ne yake raya su. Ashe ko wa ya watsa musu, ci za su yi.”

Ta daɗe tana kallon awakin suna tuƙa, sannan ta ce in ara mata wayata, kuma in danna mata lambar Gavrilă, don ba ta gani.