Jar Taliyar Fugen

A gabana aka haifi Niu Fugen, a layinmu na bayan kasuwa, kudu da birnin Taiyuan na ƙasar Sin. Tun yana saurayi yake sana'ar taliya: curin kwaɓin alkama a kafaɗa, wuƙa a hannu, yana fizga tana faɗawa tukunya kamar ƙananan kifi. Mutum ne marar surutu. Matarsa Gaihua ce ke yin maganar su biyu, har ta yi saura.

Da ya haura hamsin ciki ya sa shi gaba. Ya rame, wando ya daina zama a ƙugunsa. Ya sha saiwa da sassaƙe har ya gaji, kafin 'yarsa ta ja shi asibiti. Likita ya ce hanjinsa ba ya shiri da alkama da sha'ir, kuma ba ranar shiryawa. Har ruwan tsamin da muke zuba wa komai, sai an bincika da me aka yi shi.

"A garin nan?" in ji Gaihua. "To ya ci me, iska?"

Ya bar wa ɗan ƙanensa shago. Wannan bai karya shi ba kamar abincin rana. A layinmu maza ba sa ci a ɗaki. Kowa ya ɗauko kwanonsa ya tsuguna a bakin layi, a nan ake jin wa ya mutu, wa ya sayi mota. Fugen ya daina fitowa, yana ciki da kunun gero kamar mai jego. In namiji ya daina ci da mutane, na san inda ya dosa. Haka mijina ya fara.

Maƙwabciyarsu, tsohuwa Dou, ita ta tuna da dawa, jan garin da ya raya mu a shekarun yunwa. Ta yi masa taliya, ya cinye yana murna. Kafin yamma yana birgima don ciwon ciki. Na je na same ta.

"Yaya Dou, me kika sa a ciki?"

"Dawa mana."

"Ita kaɗai?"

"To, na ɗan lulluɓe ta da farin gari, siriri kamar ɓawon albasa. Yaya zan kai wa magidanci jar taliya tsirara? Mabaraci ne?"

Haka muka taso muna yi. In ka yi baƙo alkamarka kaɗan ce, sai ka naɗe kwaɓin dawa a cikin na alkama ka murza ka yanka: sama fari, ƙasa fari, talaucin a tsakiya.

"Saura kaɗan girmamawarki ta kai shi kabari," na ce mata. Ta yi kuka, na bar ta ta yi.

Dawa zalla ba ta kama jikinta, shi ya sa uwata ke daka mata ɓawon wata bishiya da muke kira yu don ta yi danƙo. Gaihua ta sa 'yarsu ta tambayi likita, ya ce a gwada. Na sa aka sayo sabuwar tukunya da sabon katakon kwaɓi, waɗanda alkama ba ta taɓa gani ba. Muka kwaɓa da tafasasshen ruwa, muka matso ta ta faranti mai huji, muka zuba miyar tumatir da ƙwai.

Ya ci, gari ya waye lafiya. Ya ƙara ci, lafiya. Amma bakin layi ya ƙi zuwa.

"Inna, dariya za su yi. Ni da na ciyar da garin nan farar taliya."

"Yanzu ma yi suke, kai ne ba ka ji don kana ƙunshe. Ɗauki kwanonka, kafin in ɗauka in kai musu in ce naka ne."

Ya fita, ina biye da sandata. Tsoho Han, wanda bakinsa ya fi nawa kaifi, ya leƙa kwanon.

"Fugen, an koma zamanin yunwa ne ba a sanar da mu ba?"

"Kai za mu aika ka dubo, Baba, tunda can ka baro haƙoranka."

Aka fashe da dariya, Fugen kansa ya yi mamakin bakinsa. Ya tsuguna. Han ya miƙo tsinkayen cin abincinsa zai tsoma, Fugen ya rufe kwanon da hannu.

"Akwai alkama a jikinsu."

"Au, yanzu ni ne ƙazamin?"

Gaihua ta kawo wa Han nasa a wani kwano. Ya ci loma ɗaya, ya ƙara ta biyu. Can ya goge hanci ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Yanzu kumatun Fugen sun fara dawowa. Yana koyon fizgar kwaɓin dawa da wuƙa, yana ƙorafin tana karyewa. Han kuwa kullum da rana sai ya turo kwano gidansu, wai yana duba ko an gyara gishirin.