Yashin Gulbi a Ƙafafuna

Ƙas, allurar keken ɗinkin Inna ta karye a hannuna. Ranar Asabar ce da hantsi, sati biyu bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji huɗu na sakandare a Argungu. Inna tana bayan ɗaki tana baza shinkafar da ta turara a kan tabarmi tana korar kaji, amma ƙarar ba ta wuce kunnenta ba. Ta leƙo ta tarar da ni zaune a kan keken da ta hana kowa taɓawa, ina fama da wani tsohon wandon Baba mai kauri, wanda yake shiga fadama da shi. Na riga na yanke ƙafafunsa biyu daga gwiwa. Ta tambaye ni abin da nake yi, na ce jaka nake ɗinkawa, malami ne ya sa ni. Jin an ambaci malami, sai ta sauke hannun da ta ɗaga. Ta ture ni gefe, ta sa sabuwar allura, ta ɗinke su da kanta, ɗinki biyu-biyu don kada su fashe, har ta sa musu igiyar ɗaurewa. Cikin duk abin da ya faru, wannan yana daga cikin abin da ya fi ci mini rai: uwata ce ta ɗinka su da hannunta, tana ganin a kan karatu take taimakona.

Ƙwallon raga ce ta kai ni ga wannan ɗinki. A makarantarmu da la'asar ake wasanni, kowa ya koma da kayan gida. Maza suna da filinsu kusa da ofis, mu mata namu yana can ƙarƙashin dogonyaro, raga ɗaya ce da aka ɗaura tsakanin itace da wani ƙarfe, ta lotsa a tsakiya. Ni ba doguwa ba ce, amma hannuna yana da ƙarfi, don tun ina ƙarama nake surfe da daka, ina jan guga a rijiyarmu mai zurfi. In na buga ƙwallon farawa, 'yan ɗaya ɓangaren sukan kauce mata. Ina son wasan nan irin son da ban yi wa gala-gala ko carafke ba. Ko ina gona ina korar tsuntsu daga shinkafa, gwangwanin da nake kaɗawa sai in riƙa jefa shi sama ina tarewa da bayan hannu. Abu ɗaya ne ya gagare ni, tsalle. In na zo bakin raga in doka ƙwallo, sai ta faɗa cikin ragar.

A zangon nan aka ce za a kai mata tara Birnin Kebbi su kara da wasu makarantu. Ban taɓa zuwa Birnin Kebbi ba sai sau ɗaya, asibiti, ina zazzaɓi. Malamin wasanninmu, wanda muke kira Mai-usur saboda usur ɗin ba ya barin wuyansa ko a masallaci, ya ɗauki gawayi ya hau benci ya ja layi a bangon ɗakin ajiya. Ya ce bayan sati shida duk wadda ta shafa alli a yatsu ta yi tsalle ta taɓa saman layin, da ita za a tafi. Muka gwada a ranar. Nawa allin ya tsaya ƙasa da layin da faɗin yatsu uku. Yana zaune a kujerarsa ta roba yana ɓare gyaɗa, ya dube ni ya ce, "Hajara, ke buhun shinkafa ce. Ƙafafunki ba ƙarfi. Tafi ki ɗaura musu yashi ki yi ta tsalle, ran da kika kwance za ki tashi sama." 'Yan mata suka yi dariya, ni ma na yi, don in rufe kunyata. Amma maganar na ɗauke ta kamar yadda ake ɗaukar maganar malami a gidanmu, ba a tambayar dalili.

Da yamma ranar da Inna ta gama ɗinkin na bi mata masu wanki zuwa bakin gulbi, na cika jakunkunan da yashi. Na zaɓi jiƙaƙƙe don ya fi nauyi, in ya bushe kuma in yayyafa masa ruwa. Kowace safiya bayan sallar asuba, kafin in hura wuta in share tsakar gida, sai in ɗaura su a idon sawu, in kife turmi a kan daɓen simintin da ke gaban ɗakin Baba, in hau in diro, in hau in diro, sannan in yi tsalle a tsaye sau ɗari ina ƙirgawa da carbin Kaka. A dunduniya nake sauka, gwiwa a miƙe kamar tabarya, don babu wanda ya gaya mini akwai wata hanyar sauka. Da su nake zuwa rijiya, da su nake kai wa Baba abinci fadama, ina cusa ƙafa a laka ina zarowa. Igiyar ta ci mini fata har ta yi ruwa, na naɗa tsumma na mayar. Maƙwabciyarmu takan leƙo ta katanga ta tambayi Inna ko sakwara ake dakawa da sassafe haka. Inna ta ce aikin makaranta ne. Baba kuwa da ya gane wandonsa a ƙafata, cewa kawai ya yi ai gara da ya samu aiki a tsufansa.

A sati na uku gwiwata ta dama ta fara magana. Da farko in na durƙusa wanke-wanke ne take ɗan sukata, daga baya ta kumbura ta yi sheƙi. Kaka ta gasa mini da ruwan zafi ta shafa man kaɗanya. Na je na nuna wa Mai-usur, na ɗan ɗage bakin zane ina jin nauyi. Ko sunkuyawa bai yi ba. Ya ce ƙarfi ne yake shiga, kowane ɗan wasa sai ya sha wannan, in ƙara yashi. Na ƙara. Wallahi na ƙara.

Saura kwana huɗu a yi zaɓen aka kawo wata sabuwar ɗaliba ajinmu, Chinyere. Babanta mai sayar da kayan babur ne a Nasarawa ta Birnin Kebbi, ya zo ya buɗe shago a Argungu. A Birnin Kebbin aka haife ta, Hausarta ta fi tawa lanƙwasa, kuma ta buga ƙwallon raga a makarantar da ta baro. Ranar farko da ta zo fili ta tsaya tana kallona ina gwada bango. Na yi tsalle biyu, sai ta kama dariya ta ce, "Ke Hajo, mi kike riƙo ga ƙugunki? Gwal na?" Na duba. Hannuna na hagu yana damƙe da gefen zanena. Ashe kullum haka nake yi. Da zane muke wasa, kuma tun ina yarinya Inna ta koya mini in zan yi gudu ko tsalle in dafe zane kada ya kwance a gaban mutane. Duk mu haka muke, mu goma sha wani abu, kowace tana tashi sama da hannu ɗaya kamar kaza mai karyayyen fiffike. Dogayen cikinmu tsawo ya cece su.

Ta ja ni bayan aji, ta ciro wani wando mai faɗi daga jakarta ta ce in sa a ƙarƙashi, in ɗaure zanen da ɗankwali tamau, in manta da shi. Ta sa na kwance yashin, ta ɗaga jaka ɗaya ta auna a hannu, ta dube ni, ta jefar da ita gefe. Sannan ta nuna mini. Ba a tsaye ake tashi ba, taku uku ake yi, hagu, dama, hagu, na biyun dogo, na ƙarshen gajere da sauri. Hannu biyu a jefa su baya gaba ɗaya, a lanƙwasa gwiwa, sannan a watsa su sama su ja jiki. In za a sauka kuma a kan gaban tafin ƙafa biyu, gwiwa ta lanƙwashe ta shanye nauyin. Duka bayanin bai kai tsawon dafa shayi ba. Na gwada sau uku ina harɗewa. A na huɗu na ji ƙasa ta sake ni. Da na sauka na ɗaga kai, ga alli na nan fari tas, tafin hannu guda a saman layin gawayi. Na tsaya ina kallonsa cike da daɗi. Daɗin bai daɗe ba, don da na juya, ta can gefen ofis na hangi Mai-usur a filin maza, ya tashi daga kujera, yana tafa musu hannu yana ƙirga hagu, dama, hagu, yana jefa hannayensa baya yana nuna musu. Shekara biyu ina ganinsa yana wannan rawa daga nesa, ban san abin da nake nema ba ne yake rabawa.

Washegari gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ranar zaɓe na zo ina ɗingishi, na shafa alli, na yi takun farko, na yi na biyu, a na uku ƙafar ta noƙe na zube a gindin bango. Chinyere ce ta ɗaga ni. Ta nuna wa Mai-usur shaidar allina ta ranar nan, tana nan ba ta goge ba, 'yan mata uku suka ce a gabansu na yi. Ya ce shi bai gani ba. Ita ba ta da irin kunyarmu, ta tambaye shi a gaban kowa me ya hana shi koya wa mata takun da yake koya wa maza. Ya tofar da ɓawon gyaɗa ya ce, "Mata ai shan iska kuke fitowa. Wa zai ɓata bakinsa?" Ranar Alhamis motar ta tashi da mata tara, huɗu daga cikinsu da takun Chinyere suka haye layin. Ni ina kwance a tabarma, mai ɗori yana murza mini gwiwa, Inna tana riƙe da kaina tana ba ni haƙuri, kamar ita ce ta yi laifin.

Da a ce tafiyar ce kaɗai na rasa, da tuni na manta. Birnin Kebbin ma a cikinta aka yi mini aure, a Gesse nake zaune yau da 'ya'ya huɗu. Gwiwar ce ba ta koma ba. Likitan da ya duba ni bayan haihuwata ta biyu ya ce ciwon tsoho ne, ya tambaye ni ko na taɓa faɗowa daga mota. Tun ban kai talatin ba na daina iya kai goshina ƙasa. A kan kujera nake salla. In azumi ya zo muka je tarawihi, sai a ajiye mini kujera a ƙarshen sahu cikin tsofaffin da suka haife ni, ina ganin sa'o'ina suna sujada. Na san Allah Ya karɓi uzuri, malamarmu ta Islamiyya ta sha gaya mini. Amma ni na san daɗin sanyin tabarma a goshi, kuma na san a kan me na rasa shi. Ba a kan wata jarrabawa da ta fi ƙarfin mutum ba. A kan magana ce ta minti biyar da wani ya sani, ya ga ban cancanci ya faɗa mini ba, ya jefo mini wadda ta zo bakinsa don in bar gabansa. Kowace shekara nakan ce na yafe, in ɗaga hannu in faɗa wa Ubangijina. Sai sanyi ya sauko, in tashi daga gado gwiwar ta riƙe, in ji ashe da saura.

Na taɓa haɗuwa da shi sau ɗaya a wajen sunan ɗan wata 'yar uwata a Ambursa. Ya tsufa, gemu ya yi fari. Na gaishe shi na faɗi sunana da ajina, bai tuna ba. Ya ga ina jan ƙafa, ya ce cikin tausayi, "Subhanallahi, me ya samu ƙafar, 'yata?" Maganar da na shekara ashirin ina shiryawa tana bakina. Na buɗe baki na ji na ce sanyi ne, Malam. Ya yi mini addu'a, na ce amin. A kan babur ɗin dawowa na yi ta kuka cikin hijabi, kuma a ranar ban san wa na fi jin haushi ba, shi ko ni.

Yanzu 'yan mata a unguwarmu suna fita wasa da wando da doguwar riga da ɗan hijabin da ba ya tashi, malama mace ce take koya musu, har ɗumama jiki suke yi kafin su fara. Nakan tsaya a bakin ƙofa in bi su da kallo in sun wuce, suna tafe suna dungurin juna, ba wadda ta san tana da gwiwa. Nakan ji daɗi, in kuma ji kishi. Ba ƙuruciyarsu nake kishi ba, sauƙin nake kishi.

Autata Ummi, mai shekara tara, ta shiga cikinsu bana. Shekaranjiya ina zaune ina tsinke zogale ta ɗaura igiyar shanya ƙasa-ƙasa tana tsalle tana dukan lemon tsami. Na ji yadda take dira, dim, a dunduniya. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, har ta firgita. Na kira ta kusa, na sassauta murya, daga inda nake zaune na gyara mata saukar, na nuna mata inda hannu zai je. Ta gwada, ta sake gwadawa, lemon ya haye igiya ya faɗa cikin kwanon zogalen. Ta tsaya tana haki, tana dubana daga sama har ƙasa, ta ce, "Mama, ke da ko kwata ba ki iya tsallakewa, ina kinka san wanga abu?"