Mesar Malam Mustafa da Maganin Akurki

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin lafiyar dabbobi a Sakkwato. Ranaku da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da Alhamis ɗin da Malam Mustafa ya dawo mana da mesarsa cikin rigar filo ba. Tun da kun ce in ba ku labari guda kafin in miƙa makullan ɗakin magani, wannan zan ba ku, ko da yake ban fita da kyau a cikinsa ba.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, a asibitin dabbobi likita ne ke gano ciwo ya rubuta magani. Ni babban mataimaki ne. Nawa shi ne in karɓi dabba, in auna ta, in buɗe mata kati, in yi allura ko in wanke rauni bisa umurnin likita. In likita ba ya nan ina iya ba da shawara a kan abin da na saba da shi, amma abin da ban sani ba, ƙa'ida ta ce in jira. Likitarmu a lokacin Dakta Zainabu ce. Na girme ta da kusan shekara ashirin, tana kuma ba ni girmana, amma a kan ƙa'ida ba ta da wasa.

Abin ya faro ne ranar Litinin, saura mako biyu Babbar Sallah. Kun san yadda farfajiyar nan take a irin wannan lokaci, raguna ko'ina, kowa yana son a duba nasa kafin na wani. Dakta ta tafi kara, kasuwar dabbobi, duba waɗanda ake shigowa da su. Ina cikin wannan sai ga wani saurayi mai tabarau da akwatin katako a hannu. Ya ce sunansa Mustafa, daga Ƙofar Marke, malamin kimiyya ne a wata sakandare. Wani direban albasa ne ya dawo daga kudu da ƙaramar mesa a buhu zai kai wa dukawa su feɗe, shi kuma ya karɓe ta. Irin mesar nan ce da ba ta girma sosai, ba ta da dafi, in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya. Yana so ya riƙa nuna wa ɗalibansa ita, su san ba kowane maciji ne abin kisa ba.

Ya ce kwana goma ke nan tana hannunsa, ta ƙi cin komai, kullum tana kwance cikin kwanon ruwanta. In ya zubar da ruwan sai ya ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a ƙasa kamar garin barkono, ya kuma ga irinsu suna tafiya a gefen idonta da ƙarƙashin haɓarta. Yana faɗa yana ƙoƙarin buɗe akwatin.

Na ce kada ya buɗe. Ina da shekara tara kububuwa ta sari yayana a gonar gero, a gabana ya cika kafin a kai shi gari. Tun daga nan ko saɓar maciji na gani a hanya sai na canja gefe. Ban gaya masa haka ba. Cewa na yi, wannan ai ƙuma ce irin ta kaji, ya je ya fesa maganin ƙwari a akwatin kamar yadda ake yi wa akurki. Ban buɗe kati ba, ban faɗi sunan magani ba, ban ce ya jira likita ba. Ina maganar hannuna yana cikin bakin wani rago. Ya yi godiya ya tafi.

Ranar Alhamis da hantsi ya dawo a kan babur, ko hula babu. Ya ratsa cikin masu raguna ya ɗora rigar filo a kan teburina.

"Baba, na yi yadda kac ce. Ga ta nan, ba ta ko iya dunƙulewa."

"Wane magani kas sa?"

"Fiya-fiya. Shi muka sa ma akurki a gida."

Ya ce da safe ya fesa a akwatin tana ciki, ya rufe don maganin ya kama. Bayan sa'a guda ya buɗe ya tarar tana birgima. Ya kwance bakin rigar filon ya zazzage ta a kan tebur. Tsawonta bai wuce hannuna daga kafaɗa zuwa yatsu ba, baƙa da zanen ruwan ƙasa. Jikinta yana ta karkarwa, kanta ya karkace sama, bakinta a buɗe yawu yana zuba. Warin maganin ya cika ɗakin.

Masu raguna da ke bakin ƙofa suka watse, sannan suka dawo da yawa fiye da da. Wani dattijo ya ɗaga sandarsa ya ce wannan abu kashe shi ake yi, ba magani ba, wani kuma daga baya ya ce mai ajiye maciji a ɗaki ya san abin da yake nema da shi. Malam Mustafa ya tsaya tsakaninsu da teburin. Na tura ƙofa na sa sakata, na buɗe tagogin baya, na kira Dakta a waya.

Tana kara, hayaniyar shanu ta cika wayar. Na faɗa mata abin da ke gabana. Ta tambayi sunan maganin da lokacin da aka fesa, sannan ta yi tambayar da nake gudu.

"Malam Bello, wa yab ba shi wagga shawara?"

Malam Mustafa yana kusa, yana jin komai. Na ce, "Ni na, likita."

Sai ta ce wannan maganar za mu yi ta daga baya, yanzu hanya ta cushe da motocin dabbobi, ba za ta iso ba sai bayan sa'a guda, mesar kuma ba za ta jira ta ba. In sa safar hannu in wanke ta da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi, sau uku, ina canja ruwan, kanta kuma kada ya nutse. Na ce ko mai ita zai riƙe. Ta ce shi zai tallafi jikin, amma kai da wuya sai wanda ya san aiki, don in ruwa ya shiga bakinta a wannan hali ta tafi.

Na sa safa. Na tsaya a gaban teburin ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na kama wuyanta sai na ji ba santsi ko sanyin da nake zato, busasshe ne, kuma karkarwar da take yi tana shiga har cikin tafina. Muka wanke ta a babbar roba. Ƙumar tana fita daga ƙarƙashin ɓawon fatarta tana taruwa a kan ruwa, wasu baƙaƙe, wasu jajaye don jinin da suka sha. A waje ana ta buga ƙofa, wani yana cewa an bar ragunan layya ana wa maciji wanka.

Sai batun allura. Akwai allurar da ake yi wa dabbar da ta sha irin wannan guba, na yi wa awaki ita ba adadi, amma da nauyi ake auna ta, kuma abin da zai ceci akuya zai kashe mesa nan take. Sikelin raguna bai ko motsa da ita ba. Na ɗauko ƙaramin da muke auna kaji, na auna ta cikin rigar filo mai tsabta, na cire nauyin rigar. Dakta ta yi lissafi a waya, ta sa na tsarma maganin da ruwan allura, ta sa na maimaita mata adadin sau biyu. Ta ce in soka a naman gefen ƙashin baya, a ɓangaren gaba na jiki, tsakanin ɓawo da ɓawo. Abin da ke cikin sirinjin bai kai ɗigon hawaye ba. Na yi bisimilla na soka.

Muka shimfiɗa ta a kan tawul a inuwa, muka zauna muna kallo. Yawun ya fara raguwa, amma karkarwar tana nan. Da Dakta ta iso ta ratsa taron da kalma biyu, ta ce wanda bai iya jira ba ga hanya nan. Ta duba bakin mesar ta ga ya yi fari saboda jinin da ƙuma ta zuƙe, ta sa mata ruwa ta ƙarƙashin fata. Sai ta kifar da ita a bayanta. Lafiyayyen maciji nan da nan yake juyowa. Wannan ta kwanta yadda aka ajiye ta, farin cikinta a sama. Dakta ta ce wa Malam Mustafa ba za ta yi masa alkawari ba, jikin maciji a hankali yake komai, har warkewa.

Kwana uku tana wurinmu. Kowace safiya ni ke kifar da ita in jira. Ranar Asabar ta murɗa rabin jiki ta kasa. Ranar Lahadi bayan azahar ta juyo gaba ɗaya, ta fito da harshe sau biyu, da na kai hannu sai ta naɗe ta cusa kanta a tsakiya. Na kira Malam Mustafa na gaya masa. Sai hamdala yake ta maimaitawa.

Maganin ƙumar na gaskiya sai bayan ta murmure aka fara, ya kuma ci fiye da wata guda. Aka ƙone garin katakon da ke akwatin, aka wanke akwatin da tafasasshen ruwa aka shanya a rana, aka mayar da ita robar da ba ta da tsaguwa, aka shimfiɗa farar takarda don a ga duk ƙumar da ta faɗo. Ana kuma jiƙa ta a ruwa mai ɗan sabulu, amma kafin kowane jiƙo sai a bar ta ta sha ruwa zalla tukuna. Maganin da Dakta ta zaɓa a tsumma ake ɗiga shi a shafa, ban da ido da baki, a sake bayan kwanaki, domin ƙwan ƙumar a lungunan akwati yake ƙyanƙyashewa. Ni ta ɗora wa duk wannan. Ta kuma ba ni takardar neman bayani, ta farko kuma ta ƙarshe a fayil ɗina, na amsa da hannuna ban ɓoye komai ba.

Da na nemi gafarar Malam Mustafa sai ya ce shi duk kwanakin nan kansa yake zargi, yana ganin shi ne ya cika fesawa. Ko kusa bai kawo cewa shawarar ce ba daidai ba, tun da daga bakin ma'aikacin asibiti ta fito. Wannan ya fi takardar Dakta yi mini zafi.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Maganar da kuka jefa a tsaye, hankalinku yana wani wuri, mutum zai kai ta gida ya yi aiki da ita kamar rubutun likita. Kada ku ba da magani ga dabbar da ba ku duba ba. In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, in kuma tsoro kuke ji ku faɗa, a kira wanda ba ya ji.

Mesar tana nan da ranta, ta yi saɓa mai kyau, tana cin ɓeranta. Sai dai har yau in ta ɗaga kai za ta kama abinci, kan yakan ɗan yi rawa kafin ya tsaya. Malam Mustafa ya ce ɗalibansa suna tambayarsa dalili, yakan ce musu ta taɓa yin rashin lafiya ne. Bai taɓa gaya musu sunana ba, shi ya sa na ga gara ku ji shi daga bakina.