Rediyon da Na Haɗa a Kan Garwashi

Sun ce ba za a iya ba. Liman ya faɗa cikin ladabi, maƙwabcina kuwa, wani Alhaji mai sayar da yadi da bai daɗe da zuwa daga Kano ba, da dariya ya faɗa. Hujjarsu ita ce rediyo aikin masana'anta ne, kuma a unguwarmu Mursal, inda wutar lantarki kan yi mako ba ta leƙo ba, babu mai haɗa shi da hannu.

Shekara talatin na yi ina aikin wayoyi a gidan waya kafin in ajiye aiki a farkon shekarun casa'in. A lakwal, makarantar da ta horar da mu, malami kan sa a kwance aikin yini guda saboda ɗigon dalma ɗaya da bai yi ƙyalli ba. Don haka da wani tsohon abokin aikina ya aiko mini da ƙunshi daga Faransa, cike da ƙananan kayan haɗa rediyo da takardar zanensu, ban nemi shawarar kowa ba.

Ƙarfen dalma na lantarki da ya zo cikin ƙunshin bai amfane ni ba. Na sa maƙeri ya fiƙe mini guntun jan ƙarfe, ya yi masa ƙota. A kanun, murhun garwashin shayi, nake gasa shi, in gwada zafinsa a kan takarda: idan ta yi ja-ja, ya yi, idan ta yi baƙi, zai kashe taransista. Gashi ɗaya, liƙi biyu, sai a mayar cikin garwashi. Haka na yi wata huɗu, kullum da hantsi, lokacin da haske ya fi kyau.

Rediyon ya yi magana. Na ɗaura waya a reshen darbejiya, na murɗa, sai ga muryar Hausa a gajeren zango, tsaf. Mu waɗanda kakanninmu suka yada zango a nan kan hanyar Makka, Hausar da ba a gauraya da Larabci ba baƙuwa ce a kunnenmu. Dattawa biyar suka zauna a tabarmata suna saurare, har liman ya manta da shayinsa.

Washegari Alhaji ya zo da mutanensa.

"Malam, a ina ka sayo cikinsa? Akwatin dai na san na kafinta ne."

Na ce, "Alhaji, da hannun nan na haɗa shi."

"To, buɗe mu gani. Ai ido ba ya cin kaya."

Da na ƙi, da an ce ina ɓoye wani abu. Kuma baƙo ne a tabarmata, ga furfura. Na kwance bayan akwatin. Ya leƙa, ya ga ɗigon dalma jere, kowanne kamar ɗan'uwansa, ya juya ga jama'a.

"Kun gani? Wannan tsabta ta inji ce. Malam, ka ji tsoron Allah!"

Yana faɗa yana nuni, har ɗan yatsansa ya shiga ciki ya taɓa naɗin waya, wadda ba ta fi silin gashi kauri ba. Muryar ta ɗauke.

"Kalas, shi ke nan," in ji shi. "Dama kayan gwanjo haka suke."

Wayar ta tsinke ne can cikin naɗin, inda ƙarfena ba ya kaiwa. Na rubuta wa abokina, ba a amsa ba. Daga baya na ji ya rasu. Kafin in sami madadi, ƙananan rediyoyi sun cika kasuwa, yanar ido ta rufe mini gani, hannuna ya soma rawa.

Dattawan nan biyar duk sun riga mu gidan gaskiya. Alhaji yana nan, kuma labarinsa ne ya zauna a unguwa. Bara na ji jikata tana gaya wa ƙawarta cewa akwatin da ke kan kabad wani abu ne da Kaka ya gwada bai yiwu ba. Ban tsawata mata ba, domin ba ta taɓa jin muryarsa ba.

Ba na neman a gyara shi, kuma ba na neman Alhaji ya ba ni haƙuri. Abin da nake so a rubuta shi ne ranar da ya yi magana: Alhamis, bayan la'asar, kwana tara kafin azumi, a shekara ta biyu da ajiye aikina.